Sawu a Ƙarƙashin Kasko

"Lafiya lau muka kwana, har ka iso. Ya mutanen Zango?"

"Suna gaishe ki. Sun ce in duba musu ko kina nan da rai, don su san ranar da za a tuƙa tuwon sadaka."

"Ka ce su tuƙa naka tukuna, ni zan kawo miya. Wushe, sannu da hanya. Wannan kaya fa? Matarka ta kore ka ne?"

Sha'ibu mai jinka ya sauke abin da ke kafaɗarsa: lauje biyu, hauya, da wata tsintsiyar kaba mai kaurin cinyar mutum. Ya miƙe, ya dafa ƙugu, ya juya fuska arewa maso gabas. Can bayan gonakin da aka girbe, inda sama ke saukowa ta taɓa daji, hayaƙi ya tsaya kamar bangon da ba a gama ginawa ba, samansa fari, gindinsa ja. Kwana uku ke nan ana hango shi daga kan duwatsun birnin Damagaram. An ce masu farautar gafiya ne suka sa wa rami wuta, ta ƙwace musu. Jiya tana nesa. Yau da ya fito daga Zango ya ji warinta a iska, shi ya sa ya mayar da 'yar tsintsiyar da ya saba zuwa da ita, ya ɗauko manyan kaya.

Fanta taubashiyarsa ce. Ubanta da uwarsa ciki ɗaya suka fito, cikin Barebarin da fatauci ya kawo ƙasar nan suka zauna. Ita 'yar namiji, shi ɗan mace, saboda haka duk ranar goma ga watan Cika-ciki shi ke zuwa gidanta shara. Ya ja tsintsiya sau uku a bakin ƙofa, ta zage shi, ya rama, ta ba shi goro ya tafi. Sun haura shekara arba'in a haka. Gidanta shi ne na ƙarshe a wata 'yar tunga mai gida biyar a kan hanyar Mirriya: ɗaki biyu na jinka, rumbu ɗaya cike da geron bana, awaki huɗu, duk a cikin darnin kara. Sauran gidajen tun shekaranjiya suka kankare kewayensu har ƙasa ta fito fara. Na Fanta kaɗai ciyawa ta rungume ta baya, busasshiya, tsayin ƙirjin mutum, ta jingina da darni kamar baƙon da ke jira a buɗe masa.

"Shara na zo," in ji shi.

"Da lauje? Ƙofar tawa gemu ta fitar?"

"Gidan uwargijiyata ya yi datti bana. Bawan kirki ba ya gani ya ƙyale."

"Yaushe ka zama na kirki ban ji guɗa ba? Ja tsintsiyarka sau uku, ka karɓi goronka, ka koma kafin rana ta narkar da ɗan man da ya rage maka a ka."

"Ba na cin goro yau. Haƙorina ke ciwo."

"Wanne cikin biyun?"

"Wanda ya fi naki ɗayan tsawo. Fanta, kin ga wancan?"

Ta ɗaga kai ta dubi hayaƙin, ta mayar da ido kan audugar da take shiɓa.

"Na ga hadari."

"Hadari bayan an gama kaka?"

"Allah ba ya shawara da masu jinka."

Ya shige gidan ba tare da an ce ya shigo ba, don taubashi ba ya jiran izini. Ta miƙo masa tabarma, bai zauna ba. Ya ɗebi yashi ya sake shi daga tafin hannu, ya ga inda iska ta kai shi. Daga wajen wutar take busowa, kai tsaye. A lissafinsa, in ba ta sauya ba, kafin la'asar sakaliya baƙuwar tana bakin darni. Idonsa ya shiga yawo cikin gidan, duk inda ya sauka sai gabansa ya faɗi.

"Wa ya jingina karan nan da rumbu?"

"Ni. Rumbun ke jin sanyi."

"Zai ji ɗumi kafin rana ta faɗi. Kin shimfiɗa wa wuta tabarma tun daga darni har gindin gero, saura ki kawo mata ruwan wanke hannu."

Ya rungumi karan dami-dami, ya yi ta fita da shi, yana zubarwa can kudu da gida, a tsakiyar gona inda babu abin da zai kama. Da ya dawo na biyar, ya tarar da ita tsaye riƙe da ƙugu.

"In ka gama satar karan, ga tsumma can ma a kan igiya."

"Tsummanki ko wuta sai ta yi tunani kafin ta ci. Wannan harawar fa? Harawa a kan rumfa, murhu a ƙarƙashinta. Ko ta daji ba ta zo ba, ke kaɗai kin isa gobara."

"Shekara talatin ina girki a nan, ban taɓa ƙona ko gashin ido ba."

"Abincin dai kike ƙonawa. Mijinki, Allah ya jiƙansa, har ya koma bai san tuwon gero yana da wani launi ban da baƙi ba."

"Amin. Ya dai fi ka ƙiba, kai da ake ƙirga haƙarƙarinka ta cikin riga. Sauke harawar, amma in akuyata ta rame kai zan tatsa."

Ya sauke, ya kai inda ya kai karan. Ya dawo ya leƙa randuna biyu da ke gindin rumfar. Ɗaya rabi, ɗaya ƙadangare ya kwana a ciki.

"Da wannan za ki tari wuta?"

"Akwai laya a bakin rumbu. Malam Garba ya rubuta mini, ta tsarin gobara."

"Allah ya ƙara wa malam daraja. Yanzu na wuto ta ƙofarsa, na same shi ya naɗe riga yana kankare bayan gidansa da hauya, gumi har gemu. Ya ce in gaya miki layar tana son fili. Ba ta aiki a cikin ciyawa."

"Malam bai faɗi haka ba."

"Bai faɗa da baki ba. Hauyarsa ce ta faɗa. Ɗauki tulu, a cika randunan nan har baki. Zan saro kalgo ɗanye mu tsoma a ciki, in tartsatsi ya sauka a jinka da shi za a doke. A tara yashi a ƙofar kowane ɗaki. Jinkar nan ni na ɗora ta, na san abin da na saka. In ta kama, kafin ki gama salati ta zama toka."

"Da ma na san aikinka ba ya jure komai."

Amma ta ɗauki tulun. Wannan ya ba shi mamaki, don Fanta ba ta taɓa yin abin da ya ce ba sai ta ja shi rabin yini. Da ta fita, ya leƙa ɗakinta don ya ga ko akwai garwashi a kaskon jin ɗumi. A nan bakin ƙofa ya ga ƙulli. Zannuwanta biyu na kirki, tasoshinta, carbin mijinta, duk ta ɗaure su a zane ɗaya, a shirye, yadda hannu zai sura a guje. Ya duba turken awaki, ya ga igiyoyin an yi musu ɗaurin da ja ɗaya ke kwancewa.

Ashe ta sani. Ta gama shawara da kanta: ta yarda gidan ya tafi, da rumbun, da geron shekara, amma ba za a taɓa ciyawar bayan darni ba.

Dalilin kuwa duk tungar an san shi, ba dai mai faɗa. Bukar, ɗanta na fari, shi kaɗai kuma ya rage mata, ya bi ayarin arewa damina biyu da suka wuce. Waɗanda suka tafi tare sun dawo bara, suka ce ya zarce gaba da kayan wani attajiri. Daga nan shiru. Fanta ba ta kama sunansa, ba ta tambayar labarinsa a gaban mutane, kunyar ɗan fari ta hana. Ran da ya tafi ma ba ta fito ba. Sai da ƙafa ta ɗauke ta zagaya bayan darni, ta sami sawu a lakar da ruwan wanka ke kwanciya, ta kife shi da kasko, ta liƙe gefen. Matan da suka rene ta sun gaya mata in aka adana sawun matafiyi, ƙafar da ta yi shi sai ta dawo ta neme shi, in kuwa aka share wurin ko aka sa masa ƙarfe, an datse masa hanya. Tun ranar tsintsiya ba ta taɓa bayan gidan ba, balle lauje. Maƙwabcinta Nomau ya zo jiya da hauya, ta kore shi da muciya.

Sha'ibu ya saro kalgo, ya tara yashi, ya watsa wa jinka ruwan tulun farko da na biyu. Duk yana yi yana waiwaye. Bangon hayaƙin ya ƙara tsawo, shirwa sun cika samansa suna shawagi, suna cafke farar da ke gudu. Da rana ta take tsaka, aikin cikin gida ya ƙare. Ya ɗauki lauje ya nufi baya.

Kafin ya kai kusurwar darni, ta riga shi. Bai san tsohuwa na da wannan sauri ba.

"Ina zuwa?"

"Shara."

"Shara a ƙofa take. Nan bayan gida ne."

"Bayan gidan ne ya fi datti, kamar mai gidan."

"Ciyawar nan tana da mai ita."

"Wa?"

"Zabina. A ciki suke ƙwai."

"Zabi ba sa ƙwai da rani. Kuma ke ba ki da zabuwa ko ɗaya, tun da kika cinye ta ƙarshe kika ce muzuru ne."

"To akwai maciji a ciki. Mun saba. Shi ke kama mini ɓera."

"Zan ba shi haƙuri. Mu biyu mun daɗe muna zama da mai dafi, za mu fahimci juna."

"Na gane ka. Shuci ya yi tsada a Zango, ka zo ka yanke nawa a banza, ka je ka rufa wa wani attajiri ɗaki."

"Wannan ciyawar? Ko akurkin kaza na rufa da ita sai kazar ta kai ni ƙara."

"To ajiye ta nake. Da ita za a saƙa asabarin da za a ɗauke ka."

"Ki bari in yanka da kaina, in zaɓi mai laushi. Bayana ba ya son ƙaiƙayi."

Wani abu baƙi ya sauko a hankali tsakaninsu, yana juyi kamar gashin tsuntsu, ya sauka a kan ɗankwalinta. Ganyen ciyawa ne da ya ƙone, har yanzu da siffarsa. Wani ya biyo shi, wani ya sauka a kafaɗar Sha'ibu. Awaki suka fara kuka a turke. Wani zomo ya fito daga cikin ciyawar, ya ratsa ta gabansu, bai ko dube su ba. Daga nesa ana jin wata ƙara siririya, kamar mutum dubu suna karya kara a lokaci ɗaya.

Sha'ibu ya sassauta murya.

"Fanta, ai hannun taubashi ba ya jawo komai. Abin da wani zai yi a ce ya yi mugun abu, mu muka yi sai a yi dariya. Bari in yanke, in bar miki wajen kaskon, faɗin tabarma. Bukar ba zai..."

"Ba a nan ba."

Ba zagi, ba dariya. A shekara arba'in bai taɓa jin ta ba shi amsa tsirara haka ba, kuma wannan ya fi hayaƙin tsorata shi. Ta tsaya ta ba ciyawar baya, ta buɗe hannuwa kaɗan, 'yar tsohuwa mai tsayin kafaɗarsa, kamar ita ce darnin.

Akwai wata magana da Sha'ibu ya riƙe a bakinsa shekara biyu. Sau da yawa ta zo masa har kan harshe, a tsakiyar zolaya, inda da ya sake ta da ya ci Fanta cin da ba za ta rama ba har abada. Kullum sai ya haɗiye, don ya ga abin da ke tayar da ita da safe shi ne zagayawa ta duba kaskon nan. In ya faɗa, zai ƙwace mata abu ɗaya da take riƙe da shi. In bai faɗa ba, wuta za ta ƙwace sauran. Ya sake ɗiban yashi ya saki. Iskar ba ta sauya ba.

Ya ajiye laujen a ƙasa.

"Ran da Bukar ya tafi, kina ina?"

"Ina ɗaki. Ina kaɗi."

"Kaɗi, gari bai gama wayewa ba, ba fitila."

"Yatsuna suna gani."

"Me kika ji?"

"Ban ji komai ba. Me ya dame ni da masu tafiya?" Ta kau da kai. "Na ji taku ta bayan darni. Ya yi arewa."

"Taku mai nauyi."

"Na mai kaya a ka."

"Kabewa ce."

"Me?"

"Kabewarki. Babbar nan da ta kwanta bayan darni, wadda kike yi wa kirari kina cewa sai mutum biyu. Mutum ɗaya ya ɗauke ta. Kin yi wata guda kina zagin jakin Nomau, jakin nan kuwa har ya mutu bai san ɗanɗanonta ba."

Ta dube shi, bakinta a buɗe.

"Na zo rakiya, na ga kowa ya taru a ƙofa ana addu'a, ke kina ɗaki kina kaɗin ƙarya. Na ce yau ce ranar. Na zagaya, na tsinke ta, na yi arewa da ita na ɓoye a gindin sabara, sannan na dawo na cim musu a rijiya. Bukar ta ƙofar gaba ya fita, da takalmi a ƙafarsa, sabo, ni na saya masa. Wa ke tafiya arewa daga bayan gidanki, Fanta? Ayari a Zango yake tashi. Zango kuwa yamma take."

"Ƙarya kake."

"Na saba. Amma ba yau ba."

"Don ka yanke ciyawar ka ƙago wannan. Kai da ko sunanka aka tambaye ka sai ka ƙara masa gishiri."

"Ɗaga kaskon ki gani."

"Ba a ɗagawa."

"Na matafiyi ne ba a ɗagawa. Na ɓarawon kabewa ana ɗagawa. Ji nan. In kika ɗaga kika ga takalmi, ko kika ga ƙafa mai yatsa biyar, wallahi ba zan taɓa ko tsinke ba. Zan shimfiɗa tabarma a gindin rumbun, mu zauna ni da ke mu jira ta."

Fanta ta daɗe tsaye. Toka na sauka a kansu kamar yayyafin da ya manta yadda ake jiƙa ƙasa. Sannan ta juya, ta raba ciyawar da hannu biyu, ta bi wata 'yar siririyar hanya da ƙafarta kaɗai ta sani. Ya bi ta. Kaskon na nan a kife, ya yi kore ya bushe, an liƙe gefensa da laka a kan laka, aikin damina biyu. Ta durƙusa. Ta yi bisimilla. Ta sa farce ta ɓamɓare liƙin, ta ɗaga.

Sawun na nan daram, lakar ta bushe ta riƙe shi kamar jiya aka taka. Ƙafar hagu ce, ba takalmi, ta nutse sosai ta wajen diddige. Yatsu huɗu. Inda ƙaramin ya kamata ya kwanta, laka ce sumul.

Ba wanda ya fi Fanta sanin inda yatsan ya tafi. Suna yara a gidan kakarsu cikin Birni, ita ta saki taɓarya a kansa, wai ya ce daka bai karɓe ta ba.

Sha'ibu ya cire takalminsa, ya ɗora ƙafar hagu a gefen sawun. Ya ƙura wa ƙeyarta ido, yana jiran abin da ya fi tsoro.

Kafaɗunta suka fara girgiza. Ya ce a ransa shi ke nan, ya karya ta. Wani sauti ya fito mata ta hanci, ta toshe baki da gefen zane, sautin ya ƙi tsayawa. Ta zauna daɓas a ƙasa. Dariya take, hawaye na bin tamojin fuskarta suna wanke toka.

"Shekara biyu," ta ce da ƙyar. "Shekara biyu ina tsugunawa a nan kowace safiya, ina cewa Allah ka tsare ƙafar nan, Allah ka kiyaye ta daga ƙaya, Allah ka juyo da ita gida."

"Amin. Ƙaya kuwa ba ta soke ni ba ko sau ɗaya."

"Rannan har kunu na hana kaina na yi sadaka saboda ita."

"Na ji a jikina. Kuma yanzu na gane wani abu da ya dame ni. Duk ran kasuwar Mirriya, in na kama hanya, ina isowa daidai tungar nan sai ƙafar hagu ta karkace. Ta dama na son kasuwa, ta hagu na jan ni gidan ƙonannen tuwo. Har wanzami na kai ta ya yi mata ƙaho."

"Ashe abin yana aiki."

"Yana aiki mana. Kin dai kama wanda ba shi ba."

"Na kafa tarkon barewa, na kama tsohon jaki."

"Jakin da ya ci kabewa. Ta yi zaƙi, Allah ya sa da lada."

Ta ɗebi ƙasa ta watsa masa. Sannan dariyar ta janye a hankali, kamar ruwan kwari bayan an ɗauke sama. Ta dubi sawun, ta dubi yamma, wajen rijiya, inda ƙafa ɗari ke bi kullum.

"Wato shi wancan ɗin," ta ce, ba ta dube shi ba, "ba abin da ke riƙe da shi."

"Babu. Da ƙafarsa ya tafi, da ita zai dawo in Allah ya yarda. Ranar ce ban sani ba, kuma ban taɓa ce miki na sani ba. Abin da na sani, in ya zo ya tarar da toka a inda ya bar uwarsa, ni zai riƙe wa wuyan riga. Kin kuwa san rigar tawa ɗaya ce."

Fanta ta share fuska da tafin hannu. Ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Ina ɗayan laujen?"

"Kin iya riƙewa?"

"Na iya cire yatsa da taɓarya, lauje ne zai gagare ni? Ka kula da tara da suka rage." Ta ɗaga murya ta ƙetare darni. "Nomau, fito da hauyar nan taka ta jiya. Ka kira mutanen gidanka. Na yafe wa jakinka."

Suka faɗa wa ciyawar su tara, maza da mata. Masu lauje a gaba, masu kwasa a baya suna jan ta kudu, masu hauya na bi suna kankare kututture har ƙasa ta fito, Sha'ibu a ƙarshe da babbar tsintsiyarsa yana tattare ɗan abin da ya rage, don ya ce wuta ko zare ta samu sai ta bi shi ta haye. Ya auna faɗin da taku talatin, ya ce ba a rage ko ɗaya. Fanta ta ce takunsa na mai yatsa tara ne, a ƙara biyar. Aka ƙara.

Wutar ta iso bayan la'asar. Zafinta ya riga ta, sannan ƙarar, sannan ita kanta, ja da rawaya, tana tsalle daga kan gamba zuwa kan gamba, ta fi mutum tsawo. Ta zo bakin farar ƙasar ta tsaya. Ta yi ta kai da kawowa a gefen, tana miƙa harshe tana janyewa, kamar kare a bakin rafi. Sau biyu tartsatsi ya haye ya sauka a jinkar ɗakin baya, sau biyu jiƙaƙƙen kalgo ya same shi kafin ya yi numfashi. Wani ya faɗa gindin darni, Fanta ta juye masa ƙwaryar yashi tana zaginsa har kakanninsa. Daga nan wutar ta rabu biyu, ta bi gefen tungar ta faɗa gonaki, inda ba ta sami abin ci ba sai guntun kara, ta yi ta raguwa har ta koma hayaƙi.

Maƙwabta suka watse suna tari suna hamdala. Rumbun na tsaye. Daji ya zama baƙi har iyakar gani, gidan kuma na zaune a tsakiyar farar da'irarsa kamar ƙwai a faranti.

Sha'ibu ya zube a ƙasa kusa da sawun, wanda yanzu yake fili, kowa na iya gani. Gashin girarsa ɗaya ya babbake. Fanta ta zo ta tsaya a kansa, ta jefa masa hauya.

"Ga abin shararka. Bana ba goro. Haƙe ƙafarka ka tafi da ita, na gaji da kiwonta."

"Na gode, uwargijiyata. Kyauta ce babba, ba kowa ake ba ƙafarsa ba." Ya ɗauki hauyar, ya saita bakinta a gefen lakar, ya dakata. "Sai dai ki sani, in na ɗauke ta shi ke nan. Ba abin da zai sake karkato da ni. Ran kasuwa zan wuce ta bakin tungar nan ko waiwaye babu."

"Haka nake so."

"To."

Ya ɗaga hauyar. Ta sa ƙafa ta take ƙotar.

Ta dubi baƙin dajin, ta dubi rumbun, ta dubi tsohon da ke zaune a ƙasa da gira ɗaya. Ta sunkuya ta ɗauki kaskon, ta busa tokar da ke ciki, ta kife shi a kan sawun. Ta tsiyayo sauran ruwan tulu a gefen, ta shiga danna laka da diddige.

"Me kuma kike yi?"

"Ba don kai ba," in ji Fanta, tana ci gaba da dannawa. "Ciyawa za ta sake fitowa baɗi."

Sha'ibu ya yi dariya har hayaƙin da ya shaƙa ya taso masa, ya koma tari, ta ɗaga hannu ta ɗuma masa dundu a baya, da ƙarfin da ya fi na taimako.